A Kawo Mana Irin Atisayen Sojan Ruwa

Malam Edita,

Ina roƙon ka ba ni ɗan fili a wannan jarida tamu mai farin jini domin in tofa albarkacin bakina game da sojojin ruwa.

Tun a 2021 da gwamnatin Jihar Kano ta ba su fili a Dawakin Tofa suka kafa kwaleji, wasu suke ta ba'a, wai ina tekun yake, ko dam ɗin Watari za su tsare? Ni dai ban ga abin dariya ba, domin akwai abin da mutanen nan suka sani wanda mu muke bukata.

Jama'a, abokin gāban sojan ruwa a yau ba babban jirgi gare shi ba. A shekarar 2000, ɗan ƙaramin kwalekwale ɗauke da nakiya ya fasa jirgin yaƙin Amurka a tashar Aden ta ƙasar Yaman, ya kashe sojoji 17. A tekunmu na Gini kuwa, a 2020 kaɗai 'yan fashi masu ƙananan jiragen gudu sun sace ma'aikatan jirgi 130. To, ku cire kwalekwale ku sa babur, ba ɓarayin dajin da suka riƙa shigowa ƙauyukan Shanono da Tsanyawa a 2025 ke nan ba? Su zo da sauri, su yi ɓarna, kafin a ce kwabo sun ɓace.

Ga yadda sojan ruwa suke shirya musu. Akwai atisayen da ake kira Obangame Express, wanda ƙasashen bakin teku suke yi tare da Amurka, Najeriya ma ta karɓi baƙuncinsa a Legas a 2023. Sai a sa wani jirgi ya yi kamar an kama shi. Masu zama a ɗakin ba da umarni su hango shi a na'ura, su sanar da maƙwabciyar ƙasa, a san wa zai ce a tashi, wa zai tare gaba, wa zai bi baya. In an gama a zauna a duba inda labari ya maƙale. Harbi kaɗan ne a cikin aikin, yawancinsa isar da saƙo ne. Kuma a 2022 an cire Najeriya daga jerin ƙasashen da fashin teku ya yi wa katutu.

Mu fa a nan? In baƙin babura suka ɓullo da tsakar dare, mai unguwa zai kira dagaci, dagaci ya nemi hakimi, wani ya ce aikin 'yan sanda ne, wani ya ce na soja ne, 'yan banga kuma suna tsaye da gora suna jiran wanda zai ce musu kanzil. Kowa yana da waya a aljihu, amma ba a taɓa gwada wa za a fara kira ba. Ai ba a fafe gora ranar tafiya.

Saboda haka ina kira ga Gwamnatin Jiha da shugabannin ƙananan hukumomin Rimin Gado, Tofa, Kabo da Gwarzo da su nemi masu horarwa na Dawakin Tofa su shirya mana irin wannan gwaji, ko sau biyu ne a shekara, da rani da kuma gab da kaka lokacin da kuɗin amfanin gona suke hannun mutane. A sanar da jama'a tun da wuri don kada mata da yara su firgita, sannan a sa agogo a ga minti nawa labari yake yi daga bakin mai unguwa zuwa ofishin 'yan sanda.

Wassalam.

Naku,
Wani mai sayar da hatsi,
Rimin Gado, Jihar Kano.