BAƘON HANYA: Wuni Guda A Kasuwar Misau

Yawancin matafiyanmu na yanzu ba su san garuruwan da suke ratsawa ba sai ta tagar mota. Mutum ya taso daga Bauci ya bi ta Darazo da Kari zai tafi Azare, in ya iso Misau iyakarsa ya sha mai, ya yi salla, ya sayi tsire, ya wuce, sa'an nan gobe ka ji shi yana cewa ai ya san Misau. To, jama'a, wannan ba sani ba ne. Wanda ke son ya san gari sai ya sauka ran kasuwa, domin a ranar ce ƙauyukan da ke ciyad da garin suke shigowa da ƙafarsu.

Misau dai ba baƙuwar baƙi ba ce. Gidan sarautarta ya samo asali daga Gwani Muktar, wanda ya ci Birnin Ngazargamu na Barno a 1808, ya kuma rasa ransa a can. Ɗansa Mamman Manga shi ne Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya ba Misau a 1831. A 1903 kuwa, Sarkin Misau Ahmadu ya bar gadonsa ya bi sahun Sarkin Musulmi Attahiru har Burmi. Watau gari ne da ya zauna tsakanin ƙasar Hausa da ƙasar Barno, kuma har yau kunnen baƙo zai shaida masa haka, don kuwa cikin taku kaɗan zai ji Hausa, ya ji Fulatanci, ya ji Barbarci.

Da na yi wuni a kasuwar kwanan baya, na fara da wajen 'yan hatsi tun da hantsi, inda amalanke da babura da ƙananan motoci ke sauke gero da dawa da wake da gyaɗa da riɗi. A nan ma'auni ne sarki, kuma duk wanda zai sayi tiya ɗaya sai ya tambayi gyara. Daga gefe ga matan Fulani sun jera ƙoren nono da man shanu, ga maƙera da garemani da lauje, ga masu igiya da tabarma. Amma inda kuɗi suke da nauyi shi ne kara, wajen shanu da tumaki da awaki, kuma a nan ne baƙo zai ga abin da ke riƙe da kasuwar ƙauye duka, watau amana.

Mai dabba ba ya sayarwa da bakinsa. Dillali yake miƙa wa igiya, shi ya ja gefe ya tsuguna. Mai saye ya taya, dillali ya ce albarka, a ƙara, a ja, har a kai inda zai je ya raɗa wa mai ita, in ya yarda a sallama. Mutanen birni sukan ɗauka la'adar da dillali ke karɓa kuɗin surutu ce kawai. Wani dattijon dillali da na zauna a inuwarsa ya warware mini wannan. Ya ce, "Yaro, ba bakina ake biya ba, fuskata ake biya. In saniyar nan ta fito ta sata bayan wata uku, ba mai ita za a nema ba, ni za a zo a kama." Ke nan dillali shi ne shaida, shi ne mai lamuni, kuma a wannan zamani da satar shanu ta addabi Arewa, aikinsa ya ƙara nauyi ƙwarai. Dabbar da ta bar hannunsa tana iya kwana a babbar kasuwar shanu ta Fataskum da ke ci ran Laraba, daga can tirela ta kai ta Kudu, amma sunansa yana biye da ita.

Wannan tsari kuwa ba mu kaɗai ke da shi ba. A yankin Somaliland da ke arewacin Somaliya, a kasuwannin dabbobi na Hargesa da Bura'o, dillalai kan haɗa hannu a ƙarƙashin mayafi su yi ciniki da yatsu, don kada na tsaye ya san farashin da ake kai. Tumaki da awaki da raƙuman da aka saya a can su ne ake lodawa a jiragen ruwa a tashar Berbera zuwa Saudiyya, musamman gab da aikin Hajji. Makiyayinsu da namu tafiyarsu ɗaya: fari ya kashe musu, damina ta raya musu, dillali ya tsaya musu. Inda suka sha gabanmu shi ne wajen biya. Tun 2009 kamfanin waya na Telesom ya kawo musu hanyar aika kuɗi ta waya mai suna Zaad, wadda ƙaramar waya ma tana yi, har ta kai mai rago a kasuwa yana karɓar kuɗinsa ba tare da ya taɓa takarda ba.

Mu kuwa mun ga abin da rashin irin wannan ya jawo a farkon 2023, lokacin da aka canja takardun Naira 200 da 500 da 1,000, tsabar kuɗi ta ɓace daga hannun jama'a. Ɗan birni ya sha wahalar layi a banki, amma mutumin ƙauye ya fi shi shan wuya. Ya kawo akuyarsa don ya sayi magani ko hatsi, mai saye ya ce sai dai ya tura masa ta banki, shi kuwa ba shi da asusu. Sai ko dai ya koma da ita gida, ko ya karyar wa mai tsaba a wulaƙance. Bayan wannan aka janye tallafin man fetur a watan Mayu na shekarar, kuɗin mota ya tashi, kowane buhu ya iso kasuwa da ƙarin nauyi. Yanzu masu na'urar POS sun kafa lema a bakin kara, sun kuwa rage wahala, amma kowane ciri sai an yanke wa talaka wani abu, in hanyar sadarwa ta ɗauke kuma ciniki ya tsaya cik.

Akwai kuma maganar da ta shafi kasuwannin karkara na Arewa gaba ɗaya. Tsarin mulkin 1999 ya ɗora wa ƙananan hukumomi alhakin kafa kasuwanni da tashoshin mota da mayanka, da kuma kula da su. Ana karɓar kuɗin rumfa, ana karɓar kuɗin kan dabba, ana karɓar na lodi. Amma a kasuwanni da yawa mai dabba ba ya samun kwamin shayarwa, mai nono ba ta samun inuwa ko makewayi, da ruwan sama ya sauka kuwa sai a yi ciniki cikin taɓo. An daɗe ana ba da hanzarin cewa kuɗin ƙananan hukumomi suna maƙalewa a jiha. A ranar 11 ga Yuli, 2024, Kotun Ƙoli ta yanke hukunci a riƙa biyan su kasonsu kai tsaye. Ko mene ne ya biyo bayan wannan hukunci, kuɗin da ake tarawa a ƙofar kasuwa ba daga Abuja suke zuwa ba, kuma wanda ya biya yana da hakkin ya ga rijiya da rumfa da rasit na gaskiya. Ya kamata kuma a riƙa rubuta kowace dabba da sunan dillalinta a littafi, domin a taimaki masu gaskiya daga cikinsu, a toshe wa ɓarayi kafa.

Ga mai niyyar zuwa, shawarata ita ce ya sauka da wuri, ya riƙe 'yar tsaba a aljihu, ya yi sallama kafin ya yi tambaya, kada kuma ya taya abin da ba shi da niyyar saye, domin taya dabba a kara alkawari ne. In ya yi haka, kafin la'asar zai sami wanda zai kira shi cin fura, ya kuma tambaye shi labarin mutanen gida. Allah ya ba masu nema sa'a, ya kai matafiya lafiya. Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.