Haƙuri Shi Ne Jarin Mai Hoto

Kowace sana'a tana da jarinta. Maƙeri yana taƙama da wuta da uwar maƙera, mahauci kuma da wuƙarsa. A ganina, bayan kyamara, babban jarin mai ɗaukar hoto shi ne haƙuri da cika alkawari, musamman idan ƙaramin yaro aka kawo masa. Abin baƙin ciki, waɗansu masu hoto na ƙasarmu sun yi watsi da wannan jari.

Mai'adua gari ne na ciniki. Kowace Lahadi kasuwa tana cika da mutanen Daura da Katsina da Kano, har da na Matamaye da Damagaram masu shigowa ta Kongolam. In Sallah ta zo kuwa, ko Sallar Gani ta Daura, sai ka ga iyaye suna ta kai yara ɗaukar hoto da sababbin tufafi. Yawan jama'ar nan ne ya ruɗi waɗansu masu hoto, suna ganin ko sun wulaƙanta mutum ɗaya, goma na tafe.

Na ga wannan da idona a Sallar da ta wuce. Mahaifiyarmu ta aike ni wani ɗakin hoto da ƙanwata 'yar shekara biyu, don a aika wa kakarmu da hoton a Matamaye. Muka yi zaman jira wajen awa biyu, ana ta shigar da manya waɗanda suka zo bayanmu. Kafin a zo kanmu yunwa ta kama yarinya, kuka ya wanke kwallin idonta. Na ce, "Malam, don Allah a ɗan jira in lallashe ta." Sai ya daka mini tsawa, ya ce, "Kai yaro, riƙe ta mana, ba ku kaɗai ba ne!" Ya haska mata fitila a fuska, ya karɓi kuɗi, ya ce in dawo ran Alhamis. Sai a zuwa na uku na sami hoton, ga idon yarinya a rufe, ga rabin fuska cikin duhu. Da na yi magana, sai ya ce in ana son wani a sake biya.

Wani zai ce a yi musu uzuri, ga rashin wutar lantarki, ga tsadar man janareto tun da aka janye tallafin mai a 2023. Gaskiya ne. To, amma fara'a ba ta shan fetur, faɗin gaskiya kuma ba ya bukatar wuta. Yaro ɗan shekara biyu bai san abin da ake nufi da "tsaya cik" ba. Baƙuwar fuska yake gani, da haske mai kashe ido, dole ya tsorata. Sa'an nan babba yana iya sake hoto baɗi ya fito yadda yake, amma yaro cikin 'yan watanni kamanninsa sun sake. Wanda ya ɓata hoton yaro ya ɓata abin da ba ya komowa.

Mu dubi Seydou Keita na Bamako, a ƙasar Mali, wanda ya buɗe ɗakin hotonsa a 1948. Yakan ajiye rediyo da agogo da keke don masu zuwa su ɗauki hoto da su, yakan kuma natsu ya gyara wa mutum zama kafin ya danna. Ya rasu a 2001, amma a 2016 an baje hotunansa a babban zauren Grand Palais na birnin Paris, a Faransa. Yawancinsu hotunan mutanen gari ne da 'ya'yansu. Girmama mai zuwa ne ya kai shi nan.

Yau kusan kowace unguwa akwai masu waya mai kyamara. In mai hoto bai fi waya iya lallashi da gyaran haske ba, me zai sa uwa ta biya shi? Saboda haka ina ba masu wannan sana'a shawara uku. Na farko, a fara sallamar mai goyo da mai ƙaramin yaro. Na biyu, a nuna wa mutum hoton a jikin kyamara kafin a wanke, in bai yi kyau ba a sake kyauta. Na uku, ranar da aka yanka ta karɓa kada ta tashi.

Ku kuma 'yan'uwana ɗalibai, in an aike ku da ƙannenku, ku tafi da safe bayan yaro ya ƙoshi, ku guji ranar kasuwa, ku yi ciniki tun kafin a ɗauka. Masu iya magana sun ce alkawari kaya ne. Allah ya ba masu sana'a ikon sauke shi, amin.