Awa Talatin Ba Ɗaya

A ƙarshen shekarar 2012, hukumar kwalejin al'umma ta gundumar Allegheny da ke birnin Pittsburgh, a jihar Pennsylvania ta Amurka, ta sanar da malamanta na wucin gadi cewa an rage musu lokacin shiga aji. Wanda a da yake iya koyarwa har awa 12 a mako, sai iyakarsa ta koma 10. Ma'aikata wajen 400 abin ya shafa, kusan rabinsu malamai. Ɗalibai na nan yadda suke, malaman ma ba a kama su da wani laifi ba. Kwalejin ta faɗi dalilinta ba ɓoye-ɓoye: sabuwar dokar inshorar lafiya na tafe, in aka bar mutanen nan da yawan aikin da suke yi, sai an kashe kimanin dala miliyan 6 wajen yi musu inshora.

Dokar da ake nufi ita ce wadda Shugaba Barack Obama ya sa wa hannu a watan Maris na 2010, wadda aka fi sani da Obamacare. Wani sashe nata ya ce duk ma'aikatar da ke da cikakkun ma'aikata 50 ko fiye, dole ta samar da inshorar lafiya ga wanda ke yi mata aikin awa 30 a mako, in ta ƙi ta sha tara. An tsara ta fara daga dala 2,000 a shekara kan kowane cikakken ma'aikaci, ban da 30 na farko. Masu dokar sun sauko da layin daga awa 40 da aka saba zuwa 30 ne don rumfar ta rufe mutane da yawa. Niyya dai ta alheri ce. Sai dai duk inda aka ja layi, akwai mai lissafin yadda zai tsaya daf da shi ba tare da ya taka ba. Jami'ar jiha ta Youngstown a Ohio ta ƙayyade wa ma'aikatanta na wucin gadi awa 29. Gwamnatin jihar Virginia ta yi haka ga nata a 2013, har da malaman kwalejojin al'umma. Wasu makarantu a New Jersey da Florida suka bi sahu. Abin takaicin, gwamnatin Obama ta ɗage fara aiki da wannan sashe daga 2014 zuwa 2015, amma wurare da dama sun riga sun yanke, tun kafin tarar ta zo.

Mai karatu zai ce awa biyu kacal, me aka rasa? Yawancin kwasa-kwasai a can awa uku ne a mako. Mai awa 12 yana da kwas huɗu, mai awa 10 kuwa uku kawai za su shige masa. Kashi ɗaya cikin huɗu na abincinsa ke nan ya tafi. Kuma abincin da ma bai taka kara ya karya ba. Wani bincike da gamayyar ƙungiyoyin malamai ta fitar a 2012 ya nuna matsakaicin abin da ake biyan irin wannan malami dala 2,700 ne kan kowane kwas na zango guda. Ko ya samu kwas takwas a shekara, bai kai dala 22,000 ba, a ƙasar da kwana ɗaya a gadon asibiti kan iya cinye albashin wata. Kada a ɗauka 'yan tsiraru ne. Kusan rabin masu koyarwa a manyan makarantun Amurka na wucin gadi ne, da yawansu da digiri na biyu ko na uku, ba ofis, ba fansho, ba tabbacin za a kira su zango mai zuwa.

Inda rigimar ta fi ba ni sha'awa shi ne wajen ƙidaya. Mai aiki a kanti yana da agogon shiga da na fita. Shi malami ana biyansa ne kan kwas, ba wanda ya taɓa damuwa da ya san awa nawa yake kwashewa. Duk wanda ya taɓa riƙe alli ya san awar aji ita ce mafi sauƙi a cikin aikin. Akwai shirya darasi, akwai duba takardun ɗalibai talatin ko arba'in a kowane aji da tsakar dare, akwai amsa saƙonninsu, akwai wanda zai tare ka a baranda da matsalarsa. Shekara da shekaru makarantu suna cin moriyar waɗannan awoyi kyauta. Ranar da doka ta ce a ƙirga su, sai kowa ya zama gwanin lissafi. Ƙungiyoyin shugabannin jami'o'i suka nemi a sassauta ƙidayar, masu kare malaman suka ce aikin bayan aji ya fi abin da ake faɗa nesa ba kusa ba.

Hukumar haraji ta IRS ce ta raba gardamar a watan Fabrairun 2014. Ta ce makaranta na iya lissafa kowace awar aji a matsayin awa biyu da kwata, wato awa ɗaya da kwata ke nan na shiri da duba takardu, sannan a ƙara awa guda kan kowace awar zaman ofis ko taron da aka wajabta wa malami. To, mu ɗauki alƙalami. Kwas huɗu, awa 12, a ninka da biyu da kwata, ya ba da 27. A ƙara awa biyu na zaman ofis, 29. Malamin da ke ɗauke da kwas huɗu, nauyin da bai yi nisa da na cikakken malami a wata jami'ar ba, ya tsaya taku ɗaya kafin layi. Wannan ya yi wa wasu rana, domin makarantar da ta yanke saboda tsoro ta samu hujjar mayar wa malami kwas ɗinsa. Amma abin da aka mayar masa aiki ne kawai, inshorar na can inda take. Kuma awa ɗaya da kwata don shirya lacca da duba rubutun aji guda, wanda ya koyar da darasin insha'i ne kaɗai zai gaya maka irin dariyar da abin zai ba shi.

Me malamin ya yi da aka rage masa? Ya shiga mota. Kwas biyu a wannan kwaleji da safe, ɗaya a waccan da azahar, biyu a wata da daddare. In aka tara, ya wuce awa 40 a mako, amma doka na duban kowace makaranta ne ita kaɗai, don haka a idon kowaccensu shi ɗan taɓa-ka-lashe ne. Ɗan da ke cin tuwo a gida uku ke nan, ranar da ya kwanta ciwo kowane gida ya ce ai na maƙwabta ne. Ɗalibi ma yana biyan nasa kason, domin malamin da ke sauri ya kama hanya ba shi da lokacin tsayawa ya saurare shi.

'Yan jam'iyyar Republican sun yi amfani da wannan wajen cewa dokar ce ke kashe aiki. Majalisar Wakilai ta amince da ƙudurin mayar da layin awa 40 a 2014, ta sake a 2015, bai dai zama doka ba. Ni ban ga maganin a nan ba. In layi ya koma 40, mai aikin awa 40 ne za a rage wa ɗaya ya koma 39, kuma masu irin wannan aiki sun ninka masu awa 30 yawa. Sannan adalci ne a faɗi cewa wani ɓangaren dokar ya taimaki malaman nan ƙwarai. Ta hana kamfanonin inshora korar mutum don yana da tsohon ciwo, ta buɗe kasuwar da zai sayi inshora da kansa da tallafin gwamnati, ta kuma faɗaɗa shirin Medicaid na masu ƙaramin ƙarfi, duk da hukuncin Kotun Ƙoli na 2012 ya bar wa jihohi zaɓi, kuma irin su Texas da Florida suka ƙi. Sashen da bai ratsa ta hannun mai ɗaukar aiki ba ya yi amfani. Wanda ya ratsa ta hannunsa ne ya zama abin wasa da lissafi.

Tushen matsalar tsoho ne. Lokacin Yaƙin Duniya na Biyu gwamnatin Amurka ta hana ƙarin albashi, sai kamfanoni suka riƙa jawo ma'aikata da inshorar lafiya, dokar haraji ta 1954 ta tabbatar da rangwamen harajin da ke kanta. Tun daga nan lafiyar mutum ta rataya a wuyan mai gidansa. Tsari ne da ya dace da wanda zai shekara talatin a masana'anta ɗaya, bai san da zaman mai iyayen gida uku ba.

Mu ma abin ya kusanto mu. Dokar inshorar lafiya da Shugaba Muhammadu Buhari ya sa wa hannu a watan Mayun 2022 ta wajabta inshora ga mazauna Najeriya, ta kuma ambaci ma'aikatu masu mutum biyar zuwa sama. Ranar da aka fara matsa wa makarantu masu zaman kansu da gaske, ina jin tsoron malamai da yawa za su wayi gari sunansu ya bar takardar albashi ya koma ta masu zuwa a biya su kan darasi.

A can Amurka kuwa, jihar California ta gwada wata hanya. A kasafin 2022 ta ware dala miliyan 200 duk shekara don inshorar malaman wucin gadi na kwalejojin al'umma, ta kuma yarda a tara wa malami aikin da yake yi a gundumomi daban-daban. In jimillar ta kai kashi 40 cikin 100 na aikin cikakken malami, ya cancanci a taimaka masa da kuɗin inshora. Sai dai shiga shirin ba dole ba ne ga gundumomi, sai kowacce ta zauna da ƙungiyar malamanta sun daidaita, don haka malamai biyu masu aiki iri ɗaya a garuruwa maƙwabta na iya tashi ɗaya da katin asibiti, ɗaya hannu rabbana.