Yadda ake katse wa kwamfuta hanzari

Mai karatu da ya taɓa zama gaban kwamfuta a buro ya san cewa da ya taɓa harafi sai ya bayyana, ko da injin yana tsakiyar wani lissafi. Dalilin haka shi ne kwamfuta an gina ta ne don a riƙa katse mata hanzari.

Tela da ke ɗinki a cikin shago ba ya tashi kowane minti ya leƙa ƙofa ko wani ya zo. Da haka yake yi, riga ɗaya sai ta kwana uku. Sallama yake jira. In an yi, sai ya soke allura inda ya tsaya, ya amsa, ya komo. Ƙwaƙwalwar injin ma haka take: ta ƙarasa umurnin da ke hannunta, ta ajiye alamar inda ta kai, ta duba wani jeri mai gurbi 256 don ta san aikin da ya dace da mai kiran, ta biya masa buƙata, sa'an nan ta ci gaba kamar ba a yi kome ba.

To, in masu sallama suka taru fa? A kwamfutar da IBM ya fitar a 1981, wani ɗan guntu na Intel mai lamba 8259 ne ke tsaron ƙofa, tamkar shamaki a fada. Layuka 8 yake da su, ana ce musu IRQ, kuma mai ƙaramar lamba shi ke fara shiga. Agogon ciki ne ke da layi na 0, yana kira sau 18 da ɗoriya a kowace daƙiƙa. Allon haruffa na biye masa da layi na 1. A 1984 aka ƙara shamaki na biyu, aka rataya shi a layi na 2 na na farkon, layukan amfani suka zama 15.

Ko kusa ba su isa ba, kuma masu gyara na shekarun 1990 sun sha wuyarsa. A sa wa injin katin sauti a layi na 7, alhali nan ne gurbin na'urar buga takardu, sai ɗayansu ya rikice ko injin ya sandare, aikin da ba a adana ba ya salwanta. Sau da yawa wutar lantarki ake zargi, ko sakataren, bayan kuwa baƙi biyu ne aka ba tabarma ɗaya. Maganin shi ne a buɗe injin a gusa wani ɗan maƙali a jikin katin. Windows 95 ya zo da alkawarin raba layukan da kansa, ko da yake a farko bai cika cikawa ba.

Na'urorin da ke kan PCI Express sun rabu da waya ta musamman. Ɗan gajeren saƙo suke rubutawa a wani adireshi da aka keɓe, kuma guda ɗaya tana iya mallakar irin kiran nan har 2048.