Kada a Rushe Kangayen Masana'antunmu

Duk wanda ya ratsa Kakuri a Kaduna, ko Sharaɗa da Bompai a Kano, zai ga gine-ginen masana'antu da dama sun yi tsit, kwanonsu ya yi tsatsa. Masaƙar KTL, wadda aka buɗe a 1957, ta rufe tun 2002. 'Yan kashe-mu-raba na cewa a rushe irin waɗannan kangaye a yanka filaye. Wannan ɓarna ce aka naɗa wa rawani.

Sarrafa siminti kaɗai na fitar da kusan kashi 8 cikin 100 na hayaƙin kabon da duniya ke fitarwa. Ginin da ke tsaye ya riga ya ci simintinsa. Wanda ya rushe shi ya sake wani ya biya bashi sau biyu.

Gyara ya fi. A shimfiɗa farantan sola bisa faffaɗan rufin nan, a shafa masa farin fenti, a sa abin tare zafi a ƙarƙashinsa, a buɗe tagogi ta sama don zazzafar iska ta fice. Za a ce akwai tsada. Gaskiya ne, amma tsadar wuta na cikin abin da ya durƙusar da masaƙun tun farko, kuma ɗan haya zai fi biyan kuɗi inda ba ya kwana sayen gas na janareta.

Gwamnatocin Kano da Kaduna su sassauta haraji ga mai gyara, su tsananta wa mai rusau. Da tsohuwar zuma ake magani.