Ɗaci Ba Shi Ne Ƙarfin Magani Ba

Mutanenmu da yawa sun ɗauka in magani bai yi ɗaci kamar maɗaci ba, to, ba ya aiki. Mu kam ba mu yarda da wannan ba. Duk malamin da ya taɓa raba ƙwayar tsargiya, watau praziquantel, ya san ƙatuwa ce, ga ɗaci har yaro ya yi amai. Ƙanana kuwa sai an farfasa musu, su tofar, ciwo na nan yana cinsu.

Masana sun gano kashi biyu ne a gauraye cikin maganin: ɗaya ke kashe tsutsa, ɗayan kuwa shi ya fi kawo ɗaci. Sai suka fid da na biyun, suka yi ƙaramar ƙwaya mai narkewa a baki ko cikin ruwa, sunanta arpraziquantel. A 2024 Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da ingancinta domin yaran da ba su isa shiga makaranta ba.

To, malamai da akawuna, ku ne jama'a ke saurara. Ku fahimtar da iyaye cewa ɗacin aka rage, ƙarfin yana nan. A kuma adana ta nesa da yara, kada su zaci alewa ce. In kunne ya ji, jiki ya tsira.