Mai Hoto, Ina Ka Kai Amaryarmu?

Duk wanda ya saba leƙa shafukan masu ɗaukar hoton biki na Katsina da Kano da Kaduna, a Instagram ko a shafukansu na intanet, ya san abin da ake gani a can. Amare ɗari, fata ɗaya. Kowacce fara sol, fuska sumul kamar tangaran, babu tabo, babu ko inuwar da hanci kan yi a kumatu. Sai mutum ya ɗauka an daina aurar da baƙaƙen mata da masu wankan tarwaɗa a ƙasar Hausa. Alhali wanda ya halarci kamu ko kai amarya a Batsari ko Ruma, a Safana ko Runka, ya ga 'yan matan da ake aurarwa da idonsa, ya kuma san launinsu.

Wannan salo ya riga ya baro manyan birane. Matashin da ya sayi kyamara a Batsari, ko ya koyi gyaran hoto a Dutsin-Ma, abin da ya gani a shafukan manya shi yake kwaikwayo, domin shi ya ɗauka ƙwarewa. Abin da nake so in kafa a nan shi ne, iyalin da suka kira mai hoto sun ba shi amana biyu, kamannin 'yarsu da sirrin gidansu. Yadda ake zaɓen hotunan baje koli da yadda ake gyara su a yau yana cin amanar duka biyun. A yankin da ke maƙwabtaka da dajin Rugu kuwa, cin amana ta biyu kan iya kaiwa ga asarar dukiya ko rai.

Zaɓi hukunci ne

Mai hoto kan dawo daga biki guda da ɗaruruwan hotuna. Daga ciki kaɗan yake ɗorawa a shafinsa, don su ja masa ciniki. Wanda ya tsame ashirin daga ɗaruruwa ya yanke hukunci kan abin da ya cancanci a gani. In a cikin bukukuwa goma da ya ɗauka ya ɗora na amare biyu da suka fi haske, ya faɗa wa sauran takwas matsayinsu a wurinsa ba tare da ya buɗe baki ba. In kuma ya ɗora duka goman, amma sai da ya mayar da kowacce fara, ya faɗa musu cewa sai an canza su kafin su isa a nuna.

Ba gyaran hoto nake yaƙi da shi ba. Kyamara ba ta ganin abu yadda ido ke ganinsa, saboda haka dole a daidaita. Hoton da aka ɗauka a cikin ɗaki mai duhu yana bukatar ƙarin haske. Wanda aka ɗauka ƙarƙashin koriyar rumfa yakan rina fuska, sai an cire koren. Ƙurjin da ya fito wa amarya ranar biki, wanda zai baje cikin mako guda, babu laifi a goge shi. Wannan duka mayar da hoto ne ga abin da ido ya gani.

Abin da ake yi yanzu daban ne, kuma masu sana'ar sun san hanyarsa sarai. A manhajar Lightroom, launin fatar ɗan Adam, fari ko baƙi, yana zaune ne galibi a layin ruwan lemo. Ana jan ma'aunin hasken wannan layi sama, a rage ƙarfin launinsa, nan take baƙar fata ta koɗe. Sai a wuce Photoshop a shafe ƙwayar fata har ta koma kamar roba. Wasu ma ba sa wahalar da kansu, sukan sayi shiryayyun launuka a intanet, waɗanda aka tsara don bukukuwan Turai da Amurka, inda fata fara ce, rana kuma ba ta da zafin tamu, su shafa wa kowane hoto. Kayan aro ba ya rufe katara. Shi ya sa za ka ga fuska fara, kunne da gwiwar hannu baƙi, jan lalle ya koma ruwan toka, farar shaddar ango ta ƙone har ba a ganin aikin da ke wuyan riga.

Tsohuwar cuta a sabuwar riga

Akwai lokacin da mai hoto ke da uzuri. Tun daga shekarun 1950 kamfanin Kodak na Amurka ya riƙa raba wa masu wanke hoto wani kati mai ɗauke da hoton Baturiya, wanda aka fi sani da katin Shirley, da shi ake auna ko launi ya fito daidai. Fim ɗin kansa an haɗa shi ne don farar fata, baƙin mutum kuwa yakan fito ba a ganin komai sai ido da haƙori. Lorna Roth, malama a Jami'ar Concordia ta Kanada, ta nuna a bincikenta na 2009 cewa cikin abubuwan da suka sa kamfanin ya gyara fim ɗinsa har da ƙorafin masu sayar da kayan katako da masu cakulan, waɗanda hajarsu mai duhu ba ta fitowa da kyau a talla. Sai a tsakiyar shekarun 1990 aka fitar da katin da ya haɗa mata masu launi daban-daban.

Duk da wannan cikas, Seydou Keïta, wanda ya buɗe ɗakin hotonsa a Bamako a 1948, da Malick Sidibé, wanda aka bai wa babbar lambar girmamawa ta baje kolin fasaha na Benis a Italiya a 2007, sun ɗauki baƙaƙen mutanen Mali da sheƙinsu da kwarjininsu, har hotunan suka shiga manyan gidajen adana fasaha na duniya. A Nijeriya, J. D. 'Okhai Ojeikere ya fara tattara hotunan kitson matan ƙasar nan a 1968, ya bar kusan dubu. Babu ɗayansu da ya yi suna ta hanyar koɗar da mutanensa.

Yau ma kamfanonin da kansu sun juyo. A 2021 Google ya fito da wayar Pixel 6 yana tallar cewa an gyara kyamararta don ta fito da fata mai duhu daidai, a 2022 kuma ya rungumi ma'aunin launin fata mai hawa goma na Ellis Monk, malami a Jami'ar Harvard. Kyamarar zamani tana iya ganinmu. Mu ne muke zama gaban kwamfuta mu dawo da katin Shirley da hannunmu.

Wa ke biyan kuɗin wannan ƙarya?

Wani zai ce hoto ne kawai. To, a 2011 wani rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya ya ambata cewa kashi 77 cikin 100 na matan Nijeriya suna amfani da man sauya launin fata. Ko an raba wannan adadi biyu, ya isa tayar da hankali. A 2023 hukumar NAFDAC, ta bakin shugabarta Farfesa Mojisola Adeyeye, ta bayyana bilicin a matsayin matsalar lafiya ta gaggawa a ƙasa. Mayukan nan sukan ƙunshi zaiba mai lalata ƙoda, da sitiroyid mai sirantar da fata har ciwo ya ƙi warkewa, da haidurokwinon wanda yawan shafa shi kan bar baƙin tabo mai wuyar magani.

Yarinyar da aka sa wa rana a Safana tana da waya, ko ƙawarta tana da ita. Ta ga hotunan amaren da suka riga ta, har da waɗanda ta sani ido da ido, duk sun yi fari. Ba ta san aikin kwamfuta ba ne, ko ta sani amma ta fahimci saƙon. Wata uku kafin biki sai ta nufi mai haɗa mai. Mai hoto bai sayar mata da man ba, amma shi ya yi masa talla kyauta.

Babbar hujjar masu hoto ita ce amare ne ke nema, in ba ka yi ba su tafi wurin wani. Akwai gaskiya a ciki, domin tun kafin a ƙirƙiro Photoshop ake yi wa farar mace kirari da alkyabbar mata. Sai dai hujjar ta tsaya ne a albam ɗin amarya. In ta nace a ƙara mata haske a hoton da za ta rataye a ɗakinta, wannan tsakaninta da mai hoto ne. Shafin baje koli kuwa nasa ne shi kaɗai, babu amaryar da ta tilasta masa abin da zai ɗora. Kuma mutane suna neman abin da aka nuna musu ne. Wadda ba ta taɓa ganin hoton baƙar amarya da aka haska da gwaninta ba, ta yaya za ta ce a yi mata irinsa?

Hoto a bakin daji

Amana ta biyu ta fi nauyi. Batsari da Safana suna cikin ƙananan hukumomin Katsina da suka fi ɗanɗana kuɗar 'yan bindiga. A watan Fabrairun 2020 an kashe mutane kusan 30 a ƙauyukan Tsauwa da Dankar na Batsari. A watan Satumban 2021, zamanin Gwamna Aminu Bello Masari, an katse layukan waya a ƙananan hukumomi 13 na jihar, har da waɗannan biyu, don a raba 'yan bindiga da masu kai musu labari. Kowa a yankin ya san masu garkuwa da mutane ba sa zuwa da ka, sai an faɗa musu gidan da ke da abin hannu, kuɗin fansa kuma gwargwadon abin da suke zaton dangi na da shi suke yanka shi.

Yanzu a duba abin da mai hoto ya fi son ɗorawa: sarƙar gwal a wuyan amarya, akwatunan lefe a jere, kayan ɗaki, motar ango da lambarta a fili, ƙofar gida da fentinta, sannan a ƙasa ga sunan amarya da na mahaifinta da na garinsu. Aikin da ɗan leƙen asiri zai yi mako yana yi, an gama masa shi a hoto shida. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Salon nuna dukiya da aka aro daga bukukuwan Abuja, inda ake da masu gadi da dogayen katangu, ganganci ne a garin da ake hanzarta kai amarya tun rana ba ta faɗi ba.

Ko babu 'yan bindiga, akwai haƙƙi. Wurin sa lalle da kamu wurin mata ne, sukan ajiye mayafi su saki jiki domin suna cikin 'yan'uwansu. An bar mai hoto ya shiga ne don iyali su sami abin tunawa. Kuɗin da aka biya shi na ɗauka ne, babu wanda ya sayar masa da fuskar matan gidan don ya yi talla da ita. Dokar kare bayanan jama'a ta Nijeriya, wadda aka sa wa hannu a watan Yunin 2023, ta ɗauki duk bayanin da za a iya gane mutum da shi a matsayin abin da ake karewa, hoton fuska kuwa yana ciki. Tun kafin dokar ma, tarbiyyar gida ta hana.

Abin da ya kamata a gani

Mai hoton da ke son shafinsa ya yi daraja yana da abin nunawa fiye da gwal. Akwai hannun da lalle ya kama, da tukwanen da aka girka tun asuba, da dattawa a kan tabarma suna shafa fatiha, da kakar amarya tana yi mata faɗa, da ƙawaye cikin anko suna dariya. Waɗannan ba sa nuna wa ɓarawo hanya, kuma su ne iyali za su nema bayan shekara talatin. Ya nuna biki guda daga farkonsa zuwa ƙarshensa, don mai neman aiki ya ga yadda yake sarrafa hasken tsakar rana da duhun ɗaki. Ya sa amare masu launi daban-daban, kowacce da launinta. Ya nemi izini a rubuce, hoto bayan hoto, ya cire suna da gari da lambar mota, ya kuma jinkirta ɗorawa har biki ya watse. Ma'aunin gyara ɗaya ne: in aka miƙa wa mahaifiyar amarya hoton, za ta gane 'yarta ba tare da ta sake dubawa ba?

Sauran magana tana kanmu, masu karanta wannan wasiƙa. Mu ne ma'aikatan da ke zaune a Katsina da Kaduna da Abuja, waɗanda ake kira in bikin ƙanwa ko 'ya ya tashi a gida, mu ne kuma muke biyan mai hoto. Kafin a ba da kafin alƙalami, a ce ya nuna hotunan baƙar amarya da ya taɓa ɗauka. A faɗa masa a bar wa yarinya launinta. A rubuta cewa ba zai ɗora ko hoto ɗaya ba sai da yardar amarya da ango da iyayensu. Mai hoto ɗan kasuwa ne, ranar da ya ga masu biya sun fara juya wa hoton roba baya, zai koyi haska baƙar fata cikin wata guda.

Al'ummar da ta binne mutanenta, ta yi gudun hijira, amma ba ta daina ɗaura aure ba, ta cancanci a ajiye mata tarihinta yadda yake. Jikokin amaren Batsari da Safana za su buɗe waɗannan hotuna wata rana suna neman kamannin kakanninsu, ya kamata su same su a ciki.